Auta Ya Ce Dusar Ƙanƙara Yake So, Muka Kai Shi Ruwan Ɗumi

  Yau labarin gidana zan ba ki, na yadda muka zaɓi wurin da za mu kai iyali hutu a shekarar 2025. Na san wata za ta ce ana fama da cefane wa yake ta hutu? Gaskiyarki, ni ma haka na riƙa faɗa shekara da shekaru. Amma ki daure ki karanta, domin abin da na koya ya shafi mai shirin hawa jirgi, ya shafi wadda iyakar tafiyarta Tiga ce.

Muna zaune a Babban Giji, tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni. Mu takwas ne a gidan: ni da Abban yara, da mahaifiyarsa Hajiya, da yara biyar. Auta shekararsa 5, babbar kuwa, wadda ƙannenta suke kira Yaya, ta cika 22, kuma an riga an sa ranar aurenta bayan babbar Sallah. Shekara ashirin da uku da aurena ba mu taɓa fita da sunan hutu ba. In kin gan mu a mota gaba ɗaya, to biki ne ko gaisuwar mutuwa a ƙauye. Iyakar shaƙatawar yara ita ce gidan Zoo ranar Sallah, su hau lilo, su sha alawar madara, a dawo kafin magariba.

Abban yara ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, yakan je Istanbul saro dogayen riguna da mayafai. A watan Janairu, ana tsakiyar hunturu, ya dawo da hoton bidiyo a wayarsa: abokan cinikinsa sun kai shi wani dutse mai suna Uludag a kusa da birnin Bursa, ga dusar ƙanƙara fari fat kamar an shanya auduga, ga yara ƙanana suna zamiya a kanta da wasu dogayen katakai a ƙafa. Auta ya kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin. Da daddare ya haye cinyar ubansa ya ce, “Abba, ni ma ka kai ni in taɓa.” Shi kuwa uban, da yake ciniki ya yi kyau a tafiyar, ko shawara bai yi ba ya ce, “Bayan ƙaramar Sallah zan kai ku gaba ɗaya, har da Hajiya, kafin a kai Yayarku ɗakinta.” Gida ya kaure da ihu. Ni dai na yi murmushi, amma gabana ya faɗi, domin na san alƙawarin da aka yi wa yaro bashi ne, kuma uwa ake bi.

Ban ce masa komai ba a daren. Kin san namiji in ya yi magana a gaban 'ya'yansa kika tare shi, ko gaskiya ce da ke kin ɓata ta. Sai na kira ɗan yayata da yake karatu a Turkiyya, na ce ya zauna ya yi mini bayanin wuraren nan dalla-dalla kamar yana koya wa 'yar aji ɗaya. Abin da ya fara tambayata shi ne, “Anti, yaushe za ku zo?” Na duba kalanda. A shekarar an rufe makarantun Kano a ƙarshen Fabrairu, hutun ya faɗo cikin azumi, aka yi Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris, yara kuma za su koma ranar 7 ga Afrilu. Ke nan mako guda tak muke da shi, farkon Afrilu. Yaron ya yi dariya ya ce, “Ai kun zo ana tashi daga kasuwa.”

Ga abin da ya fahimtar da ni. Wasan zamiya a kan ƙanƙara yana da kakarsa kamar mangwaro. A Uludag ana farawa wajen Disamba, a yi ta yi har Maris. Da Afrilu ya kama rana ta fara ƙarfi, dusar da take ƙasa-ƙasa sai ta narke da rana ta zama caɓi, da daddare ta sake daskarewa ta yi tauri kamar gilashi, wanda bai iya ba in ya faɗi a kai sai ya ji jiki. Abin da yake riƙe dusar shi ne tsayin dutse, domin duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Ƙololuwar Uludag mita 2,543 ce, amma otal-otal ɗin da wurin wasan yara suna ƙasa da haka sosai. Shi ya sa masu zuwa a ƙarshen lokaci suke neman duwatsun da suka fi tsayi, irin Erciyes na kusa da Kayseri mai mita 3,917, ko Palandoken na Erzurum a can gabashin ƙasar, inda dusar takan kai Afrilu. Ya ce alfanun ƙarshen lokaci shi ne kuɗin ɗaki yana sauka, cunkoso yana raguwa, rana tana daɗewa ba ta faɗi ba. Illarsa kuwa, kana iya biyan kuɗin jirgi ka je ka tarar da taɓo da ciyawa.

Na ce to, in mutum da iyali zai je, me zai duba? Ya lissafa mini: a sami gangara marar tsayi wadda aka keɓe wa yara da masu koyo, da malaman da za su riƙe musu hannu; a sami wurin hayar takalma da rigunan sanyi, don ba za ki sayi kayan da sau ɗaya za a sa ba; masauki ya kasance kusa da wurin wasa, kada a riƙa jan yaro cikin sanyi da takalmi mai nauyi; a sami ɗakin shan magani kusa, domin targaɗe da karaya ba baƙi ba ne a wasan; sannan a sami abin da wanda ba zai yi zamiya ba zai yi. Ta wannan fuskar ya yabi Bursa, don ƙasar Musulmi ce, babu fargabar abinci, ga babban masallacinta mai ƙubba 20 wanda aka gina tun wajen 1399, ga kuma wasu 'yan ɗakuna masu tafiya a jikin igiyar ƙarfe da suke ɗaukar mutane daga gari zuwa kan dutsen.

Muna cikin wannan bincike labari mai tayar da hankali ya zo. Ranar 21 ga Janairun 2025 gobara ta tashi da tsakar dare a wani otal na masu wasan ƙanƙara a Kartalkaya, cikin lardin Bolu na Turkiyya, mutum 78 suka rasu, da yawansu yara ne da iyayensu suka kai hutun makaranta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ajali dai ba ya wuce lokacinsa, ko a kan gadonki kike. Amma tun daga ranar na ƙara tambaya ɗaya a cikin tambayoyina, kuma ina roƙonki ki riƙe ta ko a Kaduna za ki kwana: in wani abu ya faru cikin dare, ta ina zan fita da 'ya'yana? Ki nemi ɗakin ƙasa in da hali, ki san inda matakala take tun kafin ki kwance kaya.

Daga nan na ɗauki biro da takarda. Mutum takwas, kowa da fasfo, da biza, da tikitin jirgi, da masauki, da abinci, duk da dala. Dalar da gwamnati take sayarwa wajen naira 460 kafin watan Yunin 2023, a lokacin da nake lissafin ta kai wajen naira 1,500. Da na haɗa jimla na ajiye ta kusa da lissafin kayan ɗakin yarinya, gado da kujeru da kayan kicin da gara, sai na ga kuɗin tafiyar ya ninka su. Sannan ga Hajiya, shekara saba'in da ɗoriya, ga ciwon gwiwa, wadda ko sanyin Kano na Janairu sai an kunna mata gawayi a kasko an shafa mata man zafi. Ita za a ɗauka a kai kan dutse? In an bar ta a gida kuma, wa zai zauna da ita, kuma wane irin hutu ne wanda aka tafi aka bar tsohuwa da ƙofa a rufe?

Sai da na bari azumi ya kai goma, ranar na yi masa kunun gyaɗa da ƙosai irin yadda yake so, ya dawo daga asham ya miƙe ƙafa, sannan na ajiye masa takardar nan ba tare da na ce uffan ba. Ya daɗe yana dubawa. Can ya ce, “To ya zan yi da yaron nan? Na riga na yi magana.” Na ce, “Alhaji, alƙawari biyu ka yi. Ka ce za ka nuna musu ƙanƙara, ka kuma ce za ka fita da mu gaba ɗaya kafin a kai yarinya. Na farkon yana iya jira, dutsen ba gudu zai yi ba. Na biyun ne ba zai jira ba.” Ya yi shiru, sannan ya ce in nemo wuri a gida Najeriya, shi zai ji da Auta.

Tambayoyi huɗu na riƙe, na riƙa auna kowane wuri da su. Ta farko, abin da ake zuwa gani a wurin, yana nan a makon da za mu je, ko lokacinsa ya wuce? Ta biyu, mafi rauni a cikinmu, wato Hajiya da Auta, za su iya hanyar, za su iya zaman? Ta uku, za mu isa da rana, mu dawo da rana? Ta huɗu, in mun dawo, za mu shiga bashi?

Na fara da wuraren sanyi, tunda sanyi yara suke nema. Obudu ta Jihar Kuros Riba tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,500, kowa yana yabon iskarta, amma daga Kano tafiya ce ta wuni guda cur har da ɗoriya, kuma damina tana riga tamu sauka a can. Tsaunin Mambila na Jihar Taraba, inda garin Gembu yake da gonakin ganyen shayi, shi ma sai an kwana a hanya, sannan a hau dutse ta hanya mai murɗe-murɗe wadda gwiwar Hajiya da cikin Auta ba za su ɗauka ba. Jos ta fi kusa, tana kan tudu mai wajen mita 1,200, ga gidan tarihinta da aka buɗe a 1952. Sai dai sanyin Jos da ake ba da labari na Disamba da Janairu ne, a Afrilu sai dai a ce ta fi Kano sauƙi. Ita ma ke nan mun zo mata a makare. Tiga kuwa, dam ɗin da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana nan kusa, a je a ci kifi a dawo, na ajiye ta a matsayin mafita in komai ya ƙi.

Wata maƙwabciyata 'yar Bauchi ce ta ce mini, “Maman yara, me ya hana ku Yankari?” Na ce da wannan zafin? Ta ce ai zafin ne amfaninsa. Ta yi mini bayani cewa da damina ciyawa takan yi tsayi ta rufe ko'ina, ruwa kuma yana kowane kwari, saboda haka namun daji sukan watsu cikin daji, sai ka wuni kana yawo ba ka ga komai ba. Amma daga Fabrairu zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dole kowace dabba ta gangaro kogin Gaji shan ruwa. 'Yar uwa, a nan na gane abin da ban taɓa lura da shi ba. Makon nan guda na farkon Afrilu, a dutsen ƙanƙara ragowa za mu tarar, a Jos ma haka, amma a Yankari shi ne ganiyar abin. Ashe ba a tambayar wuri yana da kyau ko ba shi da kyau, sai an haɗa da yaushe, da kuma su wa za a je da su.

Yankari tana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Kafin mu tashi na sa Abban yara ya yi waya ya kama ɗakuna biyu, ya kuma tambayi direbobin da suke bin hanyar kullum halin da take ciki. Wannan kada ki yi wasa da shi, kuma kada ki dogara da labarin bara, har da wannan nawa. Ki tambayi wanda ya bi hanyar a makon da za ki tafi.

Mun ƙi tafiya ranar Sallah da kashegarinta saboda cunkoso. Ranar Laraba 2 ga Afrilu, ana idar da sallar asuba muka ɗau hanya a motar ƙanin Alhaji mai kujeru takwas. Na soya naman Sallah ya bushe, na yi dambun nama da cincin, na ɗaura yaji da garin kunu, na cika kula biyu da ƙanƙara da ruwan leda, na sa gidan sauro biyu, da maganin zazzaɓi, da gishirin haɗi na gudawa, da magungunan Hajiya a jakar hannuna, ban yarda an jefa su bayan mota ba. Muka bi ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi, kafin azahar muna Bauchi. A nan muka ci masar da ake ba da labari, Hajiya da kanta ta ce a ƙaro. Daga Bauchi muka ɗau hanyar Gombe, a Dindima muka karya, muka isa ƙofar dajin a Mainamaji, aka biya kuɗin shiga. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki ma tafiya ce mai ɗan nisa a cikin daji, yara kowa ya liƙa fuska a gilashi.

Ba zan ɓoye miki inda na yi kuskure ba. Na farko, na raina zafin. Daga sha ɗaya na safe zuwa la'asar babu abin da ake iyawa sai kwanciya a inuwa, ruwan da na ɗauka na kwana biyu a wuni ɗaya ya ƙare, sai saye muka yi. Na biyu, na tambayi komai ban tambayi matakala ba. Ruwan Wikki a cikin kwari yake, sai an sauka matakala masu yawa. Hajiya sau ɗaya ta sauka, jikokinta maza biyu suna riƙe da ita, hawowa kuwa sai da aka huta sau uku. Da na sani da na taho da kujerar roba mai naɗewa da sandar dogarawa. Na uku, an gargaɗe ni a kan gwaggon biri na ɗauka wasa ne. Ina buɗe bayan mota wani ƙato ya diro ya sure ledar cincin ɗin da na kwana ina soyawa, ya haye bishiya yana ci yana kallona. Auta ya yi kuka, sauran suka yi ta dariya har da faɗuwa. In kin je, ki rufe ƙofa da taga, kada yaro ya riƙe abinci a hannu a waje, kada kuma a tsokane su.

Da sassafe ranar Alhamis muka shiga motar dajin tare da ɗan rakiya. Mun ga gwambaza tsaye a bakin ruwa, mun ga mazo, ga gadu da 'ya'yanta suna gudu wutsiya a sama, ga zabin daji garke-garke, ga kada kwance kamar gungume. Giwa kam ba mu gan ta ba, sai sawunta da kashinta da rassan da ta karya. Ɗan rakiyar ya sa Auta ya tsaya a cikin sawun da ƙafafunsa biyu, suka shige har da sauran wuri. Ki gaya wa yaranki gaskiya tun a gida cewa daji ba gidan Zoo ba ne, dabba ba a ɗaure take tana jiran su ba, abin da Allah Ya nufa a gani shi za a gani.

Amma abin da ya biya mu kuɗinmu shi ne ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai, kina ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarki, kuma ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Wajen bakin dutsen yana da zurfi, yana iya shanye babba, amma can ƙasa iyakarsa gwiwa zuwa ƙugu, nan muka tsare yara, kuma ba a bar kowa ya shiga ba sai da babba a tsaye a kansa. Hajiya ta zauna a bakin ruwan ta tsoma ƙafafu, ta yi shiru, can ta ce rabon da gwiwarta ta yi mata daɗi haka tun kafin a haifi Auta. Da rana wurin yakan cika da maza da baƙi, saboda haka mu mata muka zaɓi bayan sallar asuba, muka shiga da dogayen riguna da wando a ciki, Alhaji yana zaune daga saman matakala yana yi mana gadi.

A nan ne abin da ya sa na rubuto miki ya faru. Kin san al'adarmu ta kunyar ɗan fari. Shekara 22 ban taɓa kiran yarinyar nan da sunanta ba, ban taɓa zama na yi doguwar hira da ita ba, in zan aike ta sai in ce “ke”, in za a yi mata faɗa ko nasiha sai in tura ta wurin Hajiya ko ƙanwata. Haka aka yi mini, haka na yi. Da asubar Juma'a, ranar da za mu taho, ƙanwarta ta makara, sai muka sauka mu biyu. Gari bai gama wayewa ba, babu kowa sai kukan tsuntsaye, muna zaune cikin ruwa har wuya. Sai na ji ta ce, “Umma, tsoro nake ji.” Na ce tsoron me, kada? Ta ce a'a, auren. 'Yar uwa, a gida da ta faɗi haka da na ce ta je ta gaya wa Hajiya, domin ga tukunya a wuta, ga mai sallama a ƙofa, ga kunya. Amma a nan babu inda zan gudu. Na ba ta labarin daren da aka kai ni, yadda na yi kuka har muryata ta dishe, da kurakuran da na yi a shekarar farko, da abin da na so a ce uwata ta gaya mini ba ta gaya mini ba. Ta yi tambayoyi, na amsa abin da na sani. Sai da rana ta fito muka hau, yatsunmu duk sun yi yaushi.

A hanyar dawowa muka tsaya a Bauchi yara suka ga kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, maza suka yi sallar Juma'a a Birnin Kudu, kafin magariba muna Babban Giji. Abin da muka kashe gaba ɗaya, da mai da masauki da abinci da kuɗin shiga, bai kai kuɗin tikitin jirgin mutum ɗaya zuwa Istanbul ba. An yi bikin yarinya bayan babbar Sallah, kayan ɗakinta ba a rage ko cokali ba, ba mu ci bashin kowa ba. Yanzu takan kira ni a waya ta yi mini tambayar da a da sai dai ta kai wa ƙanwata.

Auta fa? Bai manta ba, yaro ba ya manta bashi. Muna dawowa da kwana biyu ya ce, “Abba, saura ƙanƙarar.” Uban ya ce tana nan, in ya ƙara girma ya iya riƙe sandunan, kuma a tsakiyar lokacinta za a je, Janairu ko Fabrairu, ba a ƙarshe ba. Ya buɗe masa asusu na katako, duk ranar da ciniki ya yi kyau yakan jefa wani abu. Ko za a je ko ba za a je ba, Allah ne Masani. A makaranta dai labarin sawun giwa da birin da ya sace cincin ɗin Umma yake bayarwa har yau.

Saboda haka 'yar uwa, in Allah Ya hore muku fita, ko ta kwana ɗaya ce, kada hoton waya ya ruɗe ki, domin an ɗauke shi ne a ranar da wurin ya fi kyau, ba a ranar da za ki je ba. Ki duba kalanda tukuna, ki ga makon da kuke da shi, ki nemi wurin da makon ya dace da shi. Ki auna tafiyar da ƙafar tsohuwar gidan da cikin ƙaramin gidan. Ki tambayi ruwa, da wuta, da matakala, da asibiti mafi kusa, da hanyar fita. Ku tashi da wuri ku sauka da wuri. Kada ki taɓa kuɗin makaranta ko na wata hidima da take tafe. In kuma akwai 'ya a gabanki da take shirin barin gida, kada ki ce sai an huta da biki, domin bayan biki ba ke ce mai ba ta izinin tafiya ba.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu, Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya.